Dajin Dadia: halin da mahaifar baƙar ungulu ta ƙarshe a yankin Balkan ke ciki

Dajin Dadia yana arewa maso gabashin ƙasar Girka, a lardin Evros na yankin Thrace, ba nisa da kogin da ya raba Girka da Turkiyya. A cikinsa ne ake samun garke ɗaya tilo na baƙar ungulu da ya tsira da asalinsa a duk faɗin yankin Balkan, bayan da tsuntsuwar ta daina hayayyafa a Bulgeriya da Romaniya da ƙasashen tsohuwar Yugoslabiya a cikin ƙarni na 20. A shekarun baya garken bai wuce ma'aurata 30 zuwa 35 masu sheƙa ba. Wannan ɗan adadi ne ya sa sunan dajin ya shiga bakin masana tsuntsaye tun shekarun 1970, shi ne kuma ya sa hankalinsu ya tashi a watan Agustan 2023, lokacin da gobarar daji mafi girma da aka taɓa rubutawa a Tarayyar Turai ta laƙume fiye da rabinsa.

A takarda, Dadia na cikin wuraren da suka fi samun kariyar doka a Girka. Gandun daji ne na ƙasa, yana kuma cikin jerin wuraren da Tarayyar Turai ta keɓe domin kare halittu. To sai dai iyakar da aka shata a taswira sheƙa kawai take tsarewa. Ungulun da ta kwana a dajin takan tashi da hantsi ta yi tafiyar kilomitoci da dama neman mushe, kuma yawancin abubuwan da ke kashe ta suna can bayan iyakar: gubar da aka ajiye wa kyarkeci, da fankokin samar da lantarki, da wayoyin wuta, har ma da bindigar maharbi a kudancin Nijar.

Wurin da mazaunansa

Cikakken sunan wurin shi ne Gandun Dajin Ƙasa na Dadia, Lefkimi da Soufli, wato sunayen garuruwa uku da ke kewayensa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 428. Ƙasa ce ta ƙananan tuddai a ƙarshen gabashin tsaunukan Rhodope, cike da itatuwan fain, masu ganye siriri kamar allura, tare da kwaruruka da duwatsu da 'yan filayen kiwo da gonaki a tsakani. Wannan cakuɗuwar kurmi da sarari ita ce arzikin wurin. Tsuntsu mai farauta yana buƙatar itace ko dutsen da zai yi sheƙa, yana kuma buƙatar fili inda zai hango kunkuru ko maciji ko ƙadangare. Dadia ya haɗa duka biyun, ga shi kuma a kan hanyar da tsuntsaye ke bi tsakanin Turai da Asiya da Afirka. Daga cikin nau'o'i 38 na tsuntsaye masu farautar rana da aka sani a Turai, an ga 36 a wannan daji.

Nau'i uku na ungulu ke zaune a nan, kuma kowace da irin rayuwarta. Ta farko ita ce baƙar ungulu, wadda masana ke kira Aegypius monachus. Tana cikin manyan tsuntsaye masu farauta na duniya: buɗin fikafikanta kan kusa mita 3, nauyinta kuma kan haura kilo 10. Ta biyu ita ce ungulun duwatsu, Gyps fulvus, 'yar'uwar mikiyar da aka sani a ƙasar Hausa, wadda ke sheƙa a jikin dutse kuma take yawan kai-komo tsakanin Girka da Bulgeriya. Ta uku ita ce farar ungulu, ko ungulun Masar, Neophron percnopterus, ƙaramarsu, kuma ita kaɗai ce a cikinsu take ƙaura zuwa Afirka duk shekara.

Wanda zai fahimci haɗarin da baƙar ungulu ke ciki sai ya san yadda take haihuwa. Ba ta fara sheƙa sai ta kai shekara biyar ko shida. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, a wajen watan Fabrairu ko Maris. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci na sama da kwana 50, ɗan kuma yakan yi kusan wata huɗu a sheƙa kafin ya tashi. Ba kowane ƙwai ke kai wa ga tashi ba. Ke nan idan guba ta kashe manyan tsuntsaye biyar a rana ɗaya, garken zai ɗauki shekaru kafin ya mayar da gurbinsu. Sheƙar kanta ma abin lura ce: tarin ƙirare ne mai faɗin da kan kusa mita 2, ana ƙara masa kaya kowace shekara, kuma a Dadia bisa ƙololuwar tsofaffin itatuwan fain ake ɗora shi, a gangaren da mutane ba su cika bi ba. Ƙaramin itace ba ya iya ɗaukar wannan nauyi.

Amfanin ungulu kuwa ba sai an yi dogon bayani ga wanda ya taɓa zama kusa da mayanka ba. Takan share mushe kafin ya ruɓe ya zama matattarar cuta. Indiya ce ta ɗanɗana rashinta: bayan da maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar, wani binciken masana tattalin arziki, Eyal Frank da Anant Sudarshan, da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Yadda aka fara kare dajin

A ƙarshen shekarun 1970 baƙar ungulun Dadia ta kusa ƙarewa. Abin da ya rage bai wuce tsuntsaye 25 ba, masu sheƙa a cikinsu ma'aurata huɗu ne ko biyar. A daidai lokacin ne ake buɗe sababbin hanyoyi a dajin ana kuma ƙara sare itatuwa. Rahoton da wani masani ɗan ƙasar Holan, Ben Hallmann, ya rubuta a 1979 ya nuna darajar wurin, kuma a 1980 gwamnatin Girka ta keɓe yankuna biyu masu faɗin kimanin murabba'in kilomita 73 inda aka hana saran itace da farauta, tare da wani yanki mai faɗi a kewayensu inda aka taƙaita ayyuka.

Mutanen ƙauyukan ba su yi murna da wannan hukunci ba da farko, domin da yawansu da saran itace suke ci. Abin da ya sassauta zukata shi ne zuwan baƙi. A 1987 aka buɗe wurin ciyar da ungulaye, inda ake ajiye mushen dabbobin da aka tabbatar ba su da guba, aka kuma gina wata rumfa daga nesa da masu yawon buɗe ido ke hangen tsuntsayen ba tare da sun firgita su ba. A 1992 ƙungiyar WWF reshen Girka ta kafa aiki na dindindin a ƙauyen Dadia, tana ƙidayar sheƙu duk shekara. Aka samu masauki da wuraren cin abinci, matan ƙauyen suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, ungulu ta zama hanyar samun kuɗi. A 2006 aka ɗaga matsayin wurin zuwa gandun dajin ƙasa.

Wannan kariya ta yi aiki, kuma bai kamata a rage mata daraja ba: daga ma'aurata biyar an haura 30. Amma daga nan sai adadin ya tsaya cak, shekara da shekaru yana kai-komo a wuri ɗaya, alhali a ƙasar Sifaniya, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na baƙar ungulun Turai suke, an tashi daga 'yan ɗaruruwan ma'aurata zuwa sama da 2,500. Masu nazarin Dadia sun daɗe suna danganta wannan tsayawa da mutuwar manyan tsuntsaye a wajen gandun.

Ta fuskar matsayi, ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa baƙar ungulu cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari, amma a kundin Girka na cikin gida tana cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Ungulun duwatsu ba ta cikin haɗari a matakin duniya. Farar ungulu kuwa tun 2007 take cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a duniya baki ɗaya.

Ta fuskar hukuma ma akwai abin dubawa. A 2020 majalisar dokokin Girka ta zartar da doka mai lamba 4685, wadda ta rushe ƙananan hukumomin da ke kula da kowane gandu ta haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya ta ƙasa mai suna NECCA. Ƙungiyoyin kare muhalli sun soki dokar da cewa ta sauƙaƙa ba da lasisin manyan ayyuka a wuraren da aka keɓe. A watan Disamba na wannan shekara kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa Girka ta gaza tsara manufofi da matakan kariya ga wuraren da ita da kanta ta keɓe. Keɓe wuri a jaridar gwamnati ba tare da ma'aikata da kuɗi da tsarin aiki ba, ungulu ce da kan zabo.

Guba

A cikin dukkan abubuwan da ke kashe ungulayen Thrace, guba ce ta fi daɗewa, ita ce kuma ta fi yin ɓarna a ɓoye. Abin takaicin shi ne ba ungulu ake nufi da ita ba. Makiyayin da kyarkeci ya kashe wa tumaki yakan barbaɗa guba a jikin mushe ya bar shi a daji. Maharbi yakan yi haka domin rage namun dajin da yake ganin suna cinye masa zomaye. Wani lokaci ma rigima ce tsakanin makiyaya da maharba, kowa na neman kashe karnukan ɗan'uwansa. Ungulu kuwa, kamar yadda ake faɗa, ba ta jewar banza: idan ɗaya ta hango mushe ta sauka, sauran da ke shawagi nesa sukan lura su biyo ta. Wannan baiwa da ke taimakonsu samun abinci ita ce ke tara su a kan mushe ɗaya mai guba.

Girka ta haramta ajiye guba a daji tun 1993. Magungunan da aka fi samu a cikin tsuntsayen da suka mutu na kashe ƙwarin gona ne, musamman carbofuran da methomyl, sai kuma sayanaid. Tarayyar Turai ta hana sayar da carbofuran tun 2008, amma har yanzu ana samun sa ta kasuwar bayan fage. Irin ɓarnar da mushe ɗaya zai iya yi ta bayyana a 2012 a kwazazzabon kogin Nestos, yamma da Dadia, inda aukuwa ɗaya ta share garken ungulun duwatsu da ke wurin. A watan Maris na 2017 aka maimaita irin haka a kwazazzabon Kresna na Bulgeriya, inda sama da ungulaye 30 suka mutu, aikin shekaru na masu sake dasa su a wurin ya tashi a banza cikin 'yan kwanaki.

A 2014 ƙungiyar WWF da Ƙungiyar Nazarin Tsuntsaye ta Girka suka kafa rukunoni biyu na karnukan da aka horar su shinshino guba, ɗaya a Thrace, ɗaya a tsakiyar ƙasar. Karnukan sun gano ɗaruruwan tarkon guba da mushen dabbobi, an kwashe su kafin su yi ƙarin ɓarna. Wahalar tana wajen hukunci. Mai ajiye guba yakan yi aikinsa shi kaɗai a daji, maƙwabta ba sa son ba da shaida, gwajin gawar tsuntsu yakan ɗauki lokaci, shi ya sa shari'un da suka kai ga ɗauri ba su da yawa. Muddin kuma makiyayi bai ga diyyar tumakinsa da wuri ba, zai ci gaba da ganin guba ta fi masa sauƙi a kan cike takardu.

Fankokin lantarki a kan tuddai

Barazana ta biyu ta fi wuyar magana, domin ta fito ne daga abin da masu kare muhalli da kansu suke goyon baya. A 2008 Girka ta fitar da tsarin ƙasa na makamashi mai sabuntuwa, ta kuma sanya wani babban ɓangare na Thrace a matsayin yanki na farko da za a fifita wajen kafa manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska. Ba a cikin tsakiyar gandun ake kafa su ba. A kan tuddan da ke yamma da arewacinsa ake jera su, kuma nan ne ainihin inda ungulaye ke yawon neman abinci.

Dalilin karon a bayyane yake. Tsuntsu mai nauyin kilo 10 ba ya iya yini yana kaɗa fikafikai. Yana dogara ne da iskar da ke tasowa a gefen tudu ta ɗaga shi. Injiniya ma wannan iskar yake nema. Ga shi kuma idon ungulu a ƙasa yake yayin da take shawagi, ba ta duban gabanta, bakin fankar kuwa yana iya gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a. An tsinci gawarwakin baƙar ungulu da ta duwatsu a gindin fankokin Thrace.

Wani bincike da Dimitris Vasilakis da abokan aikinsa suka buga a 2017, bisa bayanan tsuntsayen da aka ɗaura wa na'urar bin sawu, ya nuna cewa idan aka gina dukkan fankokin da aka nemi izininsu a yankin, mutuwar da za su riƙa jawowa duk shekara ta isa ta ƙarar da garken. Binciken ya kuma nuna cewa ana iya cimma burin ƙasar na wutar iska a yankin ba tare da an taɓa wuraren da tsuntsayen suka fi bi ba. Wato rigimar ba ta zaɓi tsakanin lantarki da ungulu ba ce; ta wanda ke yanke hukuncin inda za a kafa ce, da kuma yadda ake auna illar kowane aiki shi kaɗai ba tare da an haɗa jimillarsu ba.

Gobara

A watan Yulin 2022 wuta ta ci kimanin hekta 4,500 na gandun, aka ɗauka an ga mafi muni. A ranar 19 ga Agustan 2023 wata gobarar ta tashi kusa da birnin Alexandroupoli, a lokacin tsananin zafi da fari da iska mai ƙarfi. Ta yi sama da mako biyu tana ci. An kwashe ƙauyuka, an kwashe marasa lafiyar babban asibitin birnin aka sa wasunsu a jirgin ruwa. Tarayyar Turai ta aika jiragen sama 11 da helikwafta ɗaya da 'yan kwana-kwana sama da 400, gudummawar sama mafi girma da tsarinta na agaji ya taɓa haɗawa. Da wutar ta mutu, an auna cewa ta ci fiye da hekta 90,000, ciki har da fiye da rabin gandun Dadia.

Ba itatuwa kaɗai suka ƙone ba. A ranar 22 ga Agusta aka tsinci gawarwakin mutane 18, har da yara biyu, kusa da ƙauyen Avantas a kudancin dajin. Baƙin haure ne da suka tsallako kogin Evros daga Turkiyya. Tun 2012 Girka ta fara gina shinge a wannan iyaka, ta kuma tsawaita shi daga baya, kuma masu tsallakowa sukan bi ta cikin kurmi da dare domin gudun kamu da mayarwa. A cikin kwanakin gobarar an kama wasu mutane uku da suka kulle baƙin haure 13 a cikin akwatin da mota ke ja, suna zarginsu da cinna wutar. Firaminista Kyriakos Mitsotakis da kansa ya faɗa wa majalisa cewa ana kyautata zaton wutar ta tashi ne a hanyoyin da baƙin haure ke bi, maganar da 'yan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka ɗauka a matsayin neman wanda za a ɗora wa laifi. Wannan muhawara ta danne wata tambayar da ta fi shafar dajin, wato me ya sa ya ci wuta haka.

Amsar tana da alaƙa da mutanen da suka bar ƙauyuka. Shekaru da dama ke nan lardin Evros yana rasa matasa zuwa birane da ƙasashen waje. Da garkunan awaki da tumaki suka ragu, filayen da ke tsakanin itatuwa suka cike da ƙananan itatuwa da ciyayi, kurmin ya haɗe ya zama shimfiɗa ɗaya. Tun kafin gobarar masana suna kuka da wannan, domin rufewar filayen na rage abincin tsuntsaye masu farauta, raguwar dabbobi kuma na rage mushen da ungulu ke ci. Ashe waɗannan filaye su ne kuma katangar da ke karya gudun wuta. Sai ga sauyin yanayi ya ƙara tsawon rani da zafinsa, hukumomi kuma sun fi zuba kuɗi a kashe gobara a kan share daji kafin ta tashi.

Yawancin manyan ungulayen sun tsira, domin sun tashi sun bar wutar, kuma ta zo ne a ƙarshen lokacin renon 'ya'ya. Asarar da ta fi daɗewa ita ce ta itatuwa. Ɗaya daga cikin nau'o'in fain ɗin Dadia yana da dabarar tsira: zafin wuta kan buɗe 'ya'yansa su zubar da iri, sabon tsiro ya fito bayan ruwan sama. Amma wannan tsiro sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya zama itacen da zai ɗauki sheƙar baƙar ungulu, kuma idan wata wutar ta sake bi ta kansa kafin ya fara ba da nasa iri, wurin zai koma saura. Ƙonannun itatuwan da suka rage a tsaye kuwa za su riƙa ruɓewa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma batun abin da za a yi da ƙasar da ta ƙone. Kundin tsarin mulkin Girka ya tanadi cewa dajin da ya ƙone dole a ayyana shi wurin sake dashe, ba a sauya masa amfani. Sai dai a 2012 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta yanke cewa ana iya ba da izinin wasu manyan ayyuka, har da na makamashi, a irin waɗannan wurare. Shi ya sa masu kare dajin ke sa ido kan duk lasisin da ya shafi tuddan Evros bayan gobarar.

Hanyar Afirka

Labarin farar ungulu ya fita daban, domin rabin shekara kawai take yi a Turai. A yankin Balkan adadinta ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a cikin shekara 30, abin da ya rage 'yan gomomin ma'aurata ne, yawancinsu a Bulgeriya. A Girka ba su kai goma ba, kuma Thrace na cikin wuraren ƙarshe da suke sheƙa.

A watan Satumba sukan tashi su bi ta Turkiyya da Gabas ta Tsakiya su shiga Afirka ta Masar, su yi hunturun Turai a Habasha da Sudan da Chadi da Nijar. Manya sun san wannan hanya ta tudu. Ƙananan da aka ƙyanƙyashe a shekarar kuwa sukan koye ta ne ta bin manya, to da manyan suka yi ƙaranci sai da yawansu suka riƙa nufar kudu kai tsaye su faɗa kan Bahar Rum, inda babu iskar da za ta ɗaga su. Wani binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa cikin ƙanana goma da suka bi ta teku, ɗaya ne kawai ya kai gaci. Waɗanda suka isa Afirka ma ba su tsira ba. A kusa da Port Sudan akwai wani layin lantarki mai tsawon kimanin kilomita 31 da aka kafa tun shekarun 1950, wanda ya yi ta kashe fararen ungulayen da ke sauka a kan turakunsa har zuwa 2014, lokacin da aka kashe shi aka maye gurbinsa da mai rufi.

A 2013 aka ɗaura wa wani ɗan farar ungulu da aka ƙyanƙyashe a Dadia na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam, aka sa masa suna Paschalis. Ya tsallake haɗarin tafiyar, ya ƙetare Sahara, ya zauna a kudancin Nijar, sama da kilomita 100 arewa maso gabas da Damagaram. A ƙarshen Fabrairun 2014 na'urar ta fara aiko da alama daga cikin wani ƙauye. Binciken da ma'aikatan asusun kare halittun Sahara na SCF da na cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos suka yi ya gano cewa wani maharbi ne da ya zo daga Najeriya ya kashe shi tare da wasu ungulaye, domin sayar da sassansu ga masu tsafi da maganin gargajiya. Wannan kasuwa ce dai ta taimaka wajen ɓatar da ungulun gari da a da take cika mayankun Kano da Katsina da Sakkwato, wadda tun 2015 take cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Mutuwar Paschalis na cikin abubuwan da suka sa aka faɗaɗa aikin. Shirin da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 2017, ƙarƙashin jagorancin Ƙungiyar Kare Tsuntsaye ta Bulgeriya, ya haɗa ƙasashen da ke kan hanyar ƙaurar, har da Nijar da Najeriya, inda aka zauna da maharba da masu maganin gargajiya kan amfani da tsirrai a madadin sassan ungulu. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, a birnin Manila, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura suka amince da tsarin aiki na bai-ɗaya domin ungulayen Afirka da Turai da Asiya.

Bayan wutar

A lokacin sheƙa da ya biyo bayan gobarar, baƙar ungulu ta koma Dadia. Wasu ma'auratan sun samu itatuwa a 'yan tsibiran kurmin da wuta ta tsallake, wasu kuma sun ɗora sheƙunsu a kan ƙonannun itatuwan da ke tsaye. Hukumar gandun da ƙungiyoyin sa-kai sun kafa sheƙun da aka ƙera da hannu domin cike gurbin itatuwan da za su faɗi, ana kuma ci gaba da kai mushe wurin ciyarwa.

A can arewa, Bulgeriya ta fara sakin baƙaƙen ungulayen da aka kawo daga Sifaniya tun 2018, kuma a 2021 aka ƙyanƙyashe ɗa na farko a tsaunukan Balkan da ke kusa da garin Kotel, bayan shekaru kusan 30 ba a ga haka a ƙasar ba. Daga baya aka fara sakin wasu a gabashin Rhodope, a yankin da ungulayen Girka suka daɗe suna zuwa kiwo. Masu aikin suna fatan garkunan biyu su haɗu su yi auratayya, ta yadda gobara ɗaya ko mushe ɗaya mai guba ba zai iya share jinsin daga yankin ba. Kafin hakan ta tabbata, yawancin baƙar ungulun Balkan masu sheƙa suna nan a kan itatuwan Dadia, waɗanda da yawansu gawayi ne a tsaye.